Abin da kwashe wasiƙun Alhaji ya koya mini

Ina aiki a wani ɗan kamfani da ke shigo da shadda da atamfa yana raba wa 'yan Kantin Kwari. Duk cinikin da muke yi da mutanen China da Dubai ta imel yake bi: rasit, takardun kwantena, ciniki kan farashi, har da rigimar cikon kuɗi. Da masu riƙe mana imel ɗin suka fara ba mu wahala, saƙo ya kwana bai iso ba, sai Alhaji, mai kamfanin, ya ce a tashi daga wurinsu. Akwatin imel bakwai, wasiƙun shekara tara, ni aka ɗora wa kwashe su.

Manhajar da na yi aikin da ita sunanta imapsync. Wani Bafaranshe, Gilles Lamiral, ya rubuta ta da yaren kwamfuta na Perl. Ba ta da maɓallin dannawa, a baƙin allo ake rubuta mata umarni. Ka ba ta adireshin tsohuwar saba (kwamfutar da ke ajiye wasiƙun) da sabuwa, da suna da kalmar sirri na kowane ɓangare, ta shiga duka biyun ta hanyar IMAP, ƙa'idar shiga akwatin imel, tana ɗebo wasiƙa tana zubawa.

Tun wajen girkawa na fara shan darasi. Na buga umarnin girkawa, apt install imapsync, a Ubuntu, tsarin da ke kan kwamfutata, aka ce babu. Na sauke fayil ɗin da kaina, na kunna, ya ce bai ga Mail/IMAPClient.pm ba, wani fayil da yake dogara da shi. Na sa masa wannan, ya nemi wani. Na sa, ya sake neman wani. Haka na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar, data tana ta tafiya. Ashe mai manhajar ya riga ya rubuta takardar girkawa ta Ubuntu, da layi guda mai ɗauke da duk abin da ake buƙata. Minti biyar na karatu da ya raba ni da wahalar yini. Gaggawa ce kawai ta hana ni buɗe ta, kuma abin ya ba ni haushi ƙwarai.

Kalmar sirri kuwa, da farko a cikin umarnin na rubuta ta ƙiri-ƙiri. Daga baya na ankara cewa tana nan zaune a tarihin umarni, duk wanda ya hau kwamfutar zai gani. Na goge, na mayar da ita cikin fayil da --passfile1, na kulle shi da chmod 600 don ni kaɗai in iya buɗe shi. Sirrin kasuwancin mutum ne a hannuna, ba nawa ba.

Daren farko a laftof ɗina na saki aikin na kwanta. Aka ɗauke wuta, caji ya ƙare, da asuba na tarar ya tsaya a tsakiya. Gabana ya faɗi, na ɗauka zan sake daga farko ko wasiƙu su fito bibbiyu. Ba haka ba ne. Tana duba alamar kowace wasiƙa, wadda ta riga ta kai sai ta tsallake ta. Duk da haka na mayar da aikin kan saba a cikin manhajar tmux, inda ko layina ya yanke yana ci gaba.

Inda na fi jin jiki shi ne safiyar da na ce an gama. Ƙarshen rahoton ya nuna adadin wasiƙu ya yi daidai a ɓangarorin biyu, na saita wa Alhaji wayarsa, na koma kujerata ina jin daɗi. Ba a yi rabin awa ba ya aiko a kira ni. Ya miƙo mini wayar, fuskarsa ba annuri.

"Ina wasiƙun da na aika? Akwai wadda na rubuta wa mutumin Guangzhou kan farashi, yau nake son ta."

Na duba, wurin saƙonnin da aka aika fayau.

"Ranka ya daɗe, suna nan, a ba ni minti goma."

Na faɗa ne zufa tana keto mini. Da na buɗe rahoton a LOG_imapsync, inda manhajar ke ajiye rahotanninta, sai na gane. Tsohuwar saba tana kiran jakar Sent Items, sabuwar kuma Sent. An kwashe komai lafiya, amma an zuba a jakar da wayar ba ta leƙawa. Da na fara gwadawa da --dry tare da --justfolders, wanda ke nuna abin da za a yi ba tare da an taɓa komai ba, da na ga sunayen tun kafin wasiƙa ɗaya ta motsa. Akwai --automap da ke haɗa irin waɗannan jakunkuna, akwai --f1f2 in kana son haɗawa da hannunka. Ni ƙidaya na duba, ban taɓa zama na kalli yadda mai akwatin yake neman wasiƙarsa ba.

Sauran akwatuna shida sai da na zauna da kowa, ya nuna mini jakunkunansa a wayarsa, na rubuta a takarda. Akawunmu tana da jaka ashirin da wani abu, kowane dila da tasa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da kasuwa ta lafa, na juya MX, saitin da ke nuna inda sabbin wasiƙu za su sauka, zuwa sabuwar saba, na sake sakin manhajar sau biyu don ta tsinto wasiƙun da suka faɗa tsohon wuri. Tsohuwar sabar kuma na roƙi Alhaji a ƙara biyan kuɗin wata guda kafin a rufe ta, ya ce a biya.