Ranar da muka je wajen mai gyaran furuci

Talata, bayan sallar isha'i.

Yau da sassafe na ɗauki ɗana muka shiga mota daga Zariya zuwa Kaduna, domin ganin malamar da ke gyara wa yara furuci. An tura mu wurinta ne bayan an auna masa ji a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, aka tabbatar kunnuwansa lafiya lau. Shekarunsa 4 da wata 7, amma in ban da ni da yayarsa, da ƙyar ake gane abin da yake faɗa. Kaza a bakinsa "taza" ce, gida "dida", kuma idan ya ce kaya sai a ɗauka taya yake nufi. Tun da yaran makarantar allo suka fara kwaikwayonsa ya rage magana, wannan kuwa shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Malamar ta shimfiɗa tabarma suka zauna, ta riƙa nuna masa hotuna yana faɗin sunayensu, ita kuma tana rubuta yadda kowace kalma ta fito. Sau biyu na yi saurin fassara mata abin da ya ce, sai ta ce da ni cikin ladabi, "Maman yaro, bar shi ya faɗa da kansa, bakinsa nake so in ji." A nan na gane cewa na daɗe ina yi masa tafinta, har bai saba da ƙoƙarin fahimtar da kowa ba.

Daga nan ta sa ya fito da harshe, ya ɗaga shi sama, ya kai shi dama da hagu. Na gaya mata Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta so a kira wanzami ya yanke ƙarƙashin harshen, domin a ganinta ɗaurewa ya yi. Malamar ta ce harshensa sakakke ne, kada a bari aska ta taɓa shi. Matsalar ita ce sautin k da g daga bayan harshe suke fitowa, can kusa da maƙogwaro, shi kuwa da bakin harshe yake yin su a bayan haƙora, shi ya sa suke komawa t da d. Yawancin yara suna yin haka, amma sukan daina kafin su cika shekara 4, lokacin da ya kamata baƙo ya gane kusan duk maganar yaro. Game da r da yake mayarwa y, ta ce kada in damu yanzu, domin tana cikin sautukan da ke jinkirin zama a baki.

Ta kwantar da shi rigingine don harshen ya koma baya, ta danne bakin harshen da ɗan tsinken katako irin na likitoci, ta ce ya yi kamar mai ƙaramin tari. A karo na shida ko na bakwai sai ga k ta fito sarai, shi kansa ya zaro ido yana kallona. Idanuna suka cika da hawaye.

Ta ba mu aikin gida na minti 10 kullum a gaban madubi, sautin shi kaɗai tukuna, daga baya "ka, ki, ku", kafin a shiga kalmomi. Ta gargaɗe ni kada in ce masa ya yi kuskure. Idan ya ce "taza", in amsa da "E, kaza ce" a hankali, in ci gaba da hira.

Da muka dawo na yi wa Hajiya bayani, ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce Allah ya sa a dace. Bayan magariba ita ce ta riƙe masa madubin, kuma cikin gwaji goma ya samu uku. Za mu koma Talata mai zuwa in Allah ya kai mu.