Godiya ga mutanen Tawa bayan mako 12 na tattakin asuba

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce aka rufe mako 12 na tattakin asuba da awon lafiya na ƴan shekara 40 zuwa 60 a nan Tawa. Mu ma'aikatan lafiya da muka tsaya a kan aikin, akwai bashin godiya a wuyanmu.

Malamanmu limamai da masu unguwanni, Allah ya ƙara girma. Shelar da kuka yi bayan salla ita ta fito da dattawan da ba sa zuwa likita sai ciwo ya kayar da su.

Godiya mafi yawa ta iyayenmu mata ce, masu riƙe da tukunya, don daga girkinsu teɓa ke taruwa, daga girkinsu kuma take raguwa. Uwayen gida, kun daina tsiyaya mai daga kwalba kai tsaye, kun koma awo da cokali. Babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kalori kamar 120, kusan abin da tafiyar rabin awa ke ƙonawa, ga shi ba ya cika ciki. Kun rage gishiri sannu a hankali har harshen maigida ya saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya na cikin lissafin, tun da kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa, albasar Galmi, tafarnuwa da citta sun toshe gurbin. Kun raba kwano: rabi ganye, zogala ko kabewa ko kuɓewa ko kabeji, kashi ɗaya cikin huɗu tuwo ko shinkafa, sauran wake, ƙwai, kifi ko nama marar kitse. Fura kuwa ba mu taɓa cewa a bar ta ba, ba a raba Ba'adare da fura. A dama ta da nono ba sukari, a sha ta a matsayin abincin rana. Inda ake kuskure shi ne a ci shinkafa a ƙoshi, sannan a ɗora kwanon fura a kai.

Masu dafa shayi a fada, mun san ba ƙaramin abu muka roƙe ku ba. Na ɗaya, na biyu, na uku, safe da yamma, sukarin yana taruwa ba a sani ba. Iyakar yini ga babba giram 50 ce, ƙwaya 10 ke nan, in an tsaya a 25 ya fi. Lemun kwalba ɗaya mai santilita 33 ya kan kai giram 35 shi kaɗai. Da kuka riƙa sauke rabon dattawa kafin ku zuba sukari, kun yi aikin lada.

Samari da ƴanmatan da suka riƙa rako iyayensu, Allah ya yi muku albarka. Kun kiyaye tsarin: minti 10 zuwa 15 a makon farko, a ƙara minti 5 duk mako har a kai minti 30, kwana 5 a mako. Shi ne minti 150 da ake nema. Ma'aunin sauri kuwa, mutum ya iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Kwana 2 a mako ana ƙarfafa tsoka: a tashi daga kujera a zauna sau 10, a tura bango da hannu sau 10, a maimaita. Bayan shekara 40 tsoka tana raguwa, in aka rage ci ba a motsa ta ba, da ita da kitsen za su tafi tare. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi na sarƙewa, ya tsaya nan take a kai shi likita.

Ƴan'uwanmu masu awo, kun yi haƙuri da layi. Kun zaunar da kowa minti 5 kafin awon tansiyo, wato hawan jini, baya a jingine, hannu daidai da zuciya, kun nemo babban maɗauri ga masu kaurin dantse, domin ƙarami yana nuna hawan da babu shi. Duk wanda aka samu da tansiyo 14/9 (wato 140/90) ko sama, ko sukarinsa ya kai giram 1,26 a lita bayan awa 8 bai ci komai ba, ya je a sake aunawa. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙugu ana auna shi tsakanin haƙarƙari na ƙarshe da ƙashin kwankwaso, kuma kada ya wuce rabin tsawon mutum.

Mun gode wa waɗanda suka ji magana suka ajiye shayin rage ƙiba na kasuwa. Galibinsa zawo da fitsari yake sawa, ruwa ne ke fita, kitse na nan, ƙoda ce ke wahala. Haka masu kwana da yunwa don su rame da wuri: kwana kaɗan sai su rama abin da suka bari har da ƙari. Rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar. Mai kilo 80 in ya sauke 4 zuwa 8, za a gani a tansiyonsa da sukarinsa. Mai shan maganin ciwon sukari kada ya tsallake abinci ba da sanin lokotoro ba, sukarin na iya faɗuwa har ya suma. Mai maganin tansiyo kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi.

Surukai da maƙwabta da suka daina tarar Hajiya da “lafiya kika rame haka, ko Alhaji ya gaza?”, ku ma mun gode ƙwarai. Wannan tambayar ta mayar da mata da yawa ga maganin ƙiba na ƴan tebur, wanda wani cikinsa ke kumbura fuska, ya tada sukari da tansiyo.

Tattaki na nan Litinin bayan sallar asuba, a inda aka saba haɗuwa. Zafi na tafe, kowa ya riƙo gorar ruwa, a kuma gama kafin rana ta ɗaga. Allah ya saka wa kowa da alheri.