Abin da mazari ya koya min game da matan Girka na da

Ni dai tun ina jin labarin Penelope na ɗauke shi tatsuniyar wayon mace ce kawai. Mijinta Odisiyus, sarki a labarin Girkawan da, ya tafi yaƙin Turoi shekara 20 bai dawo ba, manema suka cika mata gida, tace musu su bari ta gama saƙa likkafanin surukinta, da rana ta saƙa da dare ta warware, har shekara 3. Shi kenan, nayi dariya na wuce.

Sai da naje gidan tarihi na ƙasa da ke Atens na tsaya gaban wasu ƴan allunan yumɓu, wasu ko tafin hannuna basu kai ba, sannan kaina ya ɗau zafi. Daga tsohuwar fadar Pilos da ke kudancin Girka aka tono su, wadda mai binciken kayan tarihi Carl Blegen ya fara haƙawa a 1939, kuma gobarar da ta cinye fadar wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa ita ta gasa su shi yasa basu narke ba. Ba wanda ya iya karanta rubutun sai 1952 da Michael Ventris ya gano Girkanci ne. Na zaci waƙoƙin jarumai ne a ciki, ashe lissafin sito ne! Mata ɗaruruwa da yaransu, an kasa su rukuni-rukuni, masu kaɗi, masu aikin lilin, masu niƙa, masu ɗebo ruwan wanka, ga awon alkama da ɓaure da ake basu duk wata, yaro rabin na uwarsa. Wasu an rubuta su da garinsu, matan Militus, matan Kinidos, matan Lemnos, wato daga ƙetaren teku aka kawo su, wani rukunin ma ganima aka kira su kai tsaye. Wadda sunanta ya tsaya min a rai Erita ce, mai kula da wurin bauta, da ake rigimar fili tsakaninta da jama'ar gari.

Da na dawo gida nace sai na gwada kaɗin nan da hannuna, don gululun da na gani a gilashi kusan irin na mazarin goggona ne, illa dai su ulu da lilin suke kaɗawa mu auduga. Goggo ta kalle ni tace, ke da ko tsintar shinkafa sai an yi dake? Ta dai miƙo min mazari da alli. Wallahi yini guda zaren na tsinkewa, wani wurin kauri kamar igiya wani wurin kamar gashi, yatsuna suka yi tsami, abin da na tara zuwa la'asar ko gyaran aljihu ba zai yi ba. Ita kuwa tana hira tana murzawa ko kallon hannunta bata yi.

A nan na gane kaɗi shi ke cin lokaci fiye da saƙar kanta, kuma zaren da sarauniya zata saƙa ta warware shekara 3 akwai hannuwa da yawa a bayansa, masu cin awon ɓaure. Yanzu in naji sunan Penelope matan Militus ɗin nan nake fara tunawa. Goggo kuma ta karɓe mazarinta, wai na ɓarnatar mata da auduga.