Godiya ga masu masaukinmu a Birni, Damagaram

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi mun iso Kano jiya bayan isha'i, kuma yarinya ta samu sauƙi sosai, yau da safe har da rigimar sai an saya mata ƙosai. Duk waɗanda suka yi ta kira da masu addu'a, na gode, Allah Ya bar zumunci.

Ɗaurin auren ɗan ƙanwar mahaifiyata ya kai mu Damagaram, muka bi ta Daura da Kongolam, da niyyar kwana biyu. Gidan biki ya cika maƙil, sai wani ɗan'uwa ya kai mu wani ɗan masauki a cikin Birni, ba nisa da fadar Sarki. Gaskiya da na ga wurin raina bai so ba. Gidan ƙasa ne, zaure sai ka sunkuya, ɗaki huɗu, ba fanka, banɗaki ɗaya a tsakar gida, ruwa kuma sai mai garuwa ya kawo. Amma da na shiga ɗakin da tsakar rana na ji sanyi kamar an yayyafa ruwa, kaurin bangon ya kai kamu biyu. Rufin azara ne, ƙasa an yi daɓe, ga tabarma, ga randa a lungu da moɗa a kife a kai. Dattijon gidan ya ce kakansa ya gina shi tun garin yana babban birnin Nijar, kafin Faransawa su mayar da mulki Yamai a 1926. Shi dai har yau bai yafe musu wannan ba.

Daren na biyu zazzaɓi ya rufe 'yarmu, jiki kamar garwashi. Ni ban san gari ba, nairar da ke aljihuna ba mai karɓa da tsakar dare, uwarta sai kuka. Inna, matar gidan, ita ta fito da fitila ta karɓe ta, ta jiƙa zane tana goga mata, ta tashi jikanta ya ɗauko babur. Ta ce a kai ta likita. Na ce wane likitan? Ashe asibiti suke nufi. Baba, dattijon gidan, ya kwance bakin aljihu ya damƙa mini jika goma na sefa, wato sefa dubu goma, bai ko ƙirga a gabana ba.

Kwana biyu ya zama shida. Kullum da asuba kunun tsamiya na bakin ƙofa, da rana fura da nono, da dare tuwon gero miyar kuka. Da yarinya ta fara zama, Baba ya ja ni muka zaga ya nuna mini ragowar ganuwar Sarki Tanimu da manyan duwatsun nan da gidaje suka rakuɓe a jikinsu.

Ranar tafiya na mayar da bashinsa, na ɗora kuɗin kwana shida. Ya ware na kwana biyu ya turo mini sauran, ya ce, "Haba ɗana, a hannun mai jinya zan karɓi kuɗin ɗaki?" Na yi magiya har na ji kunya.

Baba, Inna, da saurayin nan mai babur da ya kwana a benci saboda mu, Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan magabatanku, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Wanda zai shiga Damagaram cikin makon nan don Allah ya yi mini magana, akwai turmin atamfa da nake so a miƙa wa Inna.