Laraba, da takardar Ummi

An kawo wuta tun asuba, na yi guga, Khalifa ya tafi makaranta ba kuka. Safiya lafiya lau.

Bayan azahar Ummi ta turo takardar da za ta kai wa shugaban makarantar da take neman koyarwa, wai in duba mata. A layi na biyu na ci karo da "I seek your advise". Na kira ta na ce ta mayar da s ɗin advise c. Sai cewa ta yi, "Haba Anti, ai kwamfuta ba ta ja jan layi ba." To ina za ta ja? Jan layin nan abu ɗaya yake dubawa, ko kalmar tana cikin ƙamus. Advise kuwa tana ciki daram, gurbin da aka ajiye ta ne ba nata ba.

Advice suna ne, ita shawarar kanta. Advise aikatau ne, ba da shawarar. Na ce mata ta riƙa duba kalmar da ta zo kafinta: in your ce, ko my, ko some, to da c za a rubuta. In kuwa to ce, ko will, ko I, sai s. A nan kunne ma yana taimakawa, don advice da sautin s take ƙarewa, advise kuma da z. Haka device da devise. Inda kunne ba shi da amfani shi ne practice da practise, da licence da license, don furucinsu ɗaya sak, gurbi kaɗai ke raba su. Su Amurkawa ma sun hutar da kansu, practice suke rubutawa ko suna ko aikatau, license ma haka. Shi ya sa in kwamfuta tana kan Turancin Amurka za ta ja wa practise layi alhali daidai take a tsarin Ingila, wanda shi makarantunmu suke bi. Na sa ta sauya harshen tun kafin mu ci gaba.

Sai can sama, wurin adireshi: "The Principle". Wannan ta fi ci min rai, don mai karanta takardar sunan muƙaminsa ne zai fara gani. Shugaban makaranta principal ne, haka uwar kuɗin da aka ranta a banki kafin a ɗora ruwa. Principle ƙa'ida ce ko aƙida, kuma kullum suna ce.

A sakin layi na ƙarshe ga "loose this opportunity". Wannan kam ban ga laifinta sosai ba. Choose tana da o biyu, kuma amonsu ɗaya da lose, sai hannu ya ƙara o da kansa. Amma lose, mai sautin z, ita ce rasa abu, ta shuɗe ta zama lost. Loose mai sautin s sako-sako take nufi, kamar riga ta yi wa mutum yawa.

Da muka gama ta ce, "Ai dai za a gane abin da nake nufi." Za a gane mana. Mu ma garin zama da garin tuwo rubutunsu ɗaya, jimla ke raba mana su. Sai dai aikin koyar da Turanci take nema, kuma da kyakkyawan sakamako ta gama. Tun la'asar nake ta juya maganar, raina duk a jagule. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata wannan ke nan? Yaran da za a ba ta fa?

Baban Khalifa bai sayo gas ba, da gawayi na yi tuwo.

Gobe Habu zai kai allon shagonsa wurin mai fenti. Na rubuta masa STATIONERY da manyan baƙaƙe a takarda, na zagaye e ɗin, don in aka sa harafin a ya koma abin da ba ya motsi, shi kuwa biro da littattafai yake sayarwa.