Gado da sif na katakon gaske: a duba su kafin a fesa fenti

Mafi yawan gadajen da ke ƙyalli a shagunan kayan ɗaki yanzu ba da tsagwaron katako aka yi su ba. Allo ne na MDF, wato garin itace da aka kwaɓa da gam aka matse da inji, sannan aka manna masa leda ko fomeka mai zanen itace. Ranar jere ba wanda zai kushe shi. Abu biyu ne ba ya jurewa: ruwa da tashi. In ruwan goge tayil ya riƙa taɓa gindinsa zai kumbura ya fara marmashewa, kuma ba ya komawa. In aka kwance shi za a sauya gida, ramin sukuru ya riga ya buɗe, ba zai sake riƙewa kamar da ba. Wanda ya saya da sani ba a cuce shi ba. Abin takaicin shi ne uba ya biya kuɗin katako a kawo wa 'yarsa allo.

Gane bambancin ba wuya. Kar nauyi ya ruɗe ku, domin MDF yakan kai kilo 700 zuwa 800 a kowace mita kubik, ya fi iroko nauyi ma. Ku zaga bayan kayan, inda ba a yi wa ado ba, ko ku zaro durowa ku kifa ta. Katakon gaske in an yanke shi, bakin yankan yana nuna layukan girman bishiyar da ƙananan ƙofofi, kuma zanen da ke fuskarsa yana zagayowa har gefe ya haɗu da su. Allo kuwa bakinsa lumui yake kamar kwali, ko a ga an liƙa siririn tef an rufe shi. In kuka ga zanen ƙofa ɗaya ya yi daidai da na ɗaya ƙofar ba bambanci ko kaɗan, bugawa aka yi, don babu falanki biyu da suke fitowa iri ɗaya daga bishiya.

Sai kuma tambayar wane katako. A kasuwannin da kafintoci ke saye, kamar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, da Dei-Dei a Abuja, da kasuwar Katako a Yamai, yawancin katakon kayan ɗaki daga dazukan kudu ake kawo shi. Iroko, wanda wasu ke kira loko, shi ne na fi yarda da shi don gado: nauyinsa kusan kilo 650 ne a kowace mita kubik, gara ba ta cika damunsa ba, kuma ba ya yawan motsi tsakanin damina da rani. Sabon yanka rawaya-rawaya ne, sai ya yi duhu a hankali. Mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu na Arewa, ja-ja ne, yana karɓar sassaƙa da sheƙi, shi ya sa ake son sa a fuskar gado da ƙofofin sif. Kawo, wanda 'yan kasuwa ke ce wa apa, ya fi su nauyi da tauri, yana cin bakin zarto, amma ƙafar gado da aka yi da shi sai dai a gaji da ita. Tik ma nagari ne in an samu na bishiyar da ta manyanta. Maɗobiya kyakkyawa ce ƙwarai, sai dai saran da aka yi mata a jihohi irin su Taraba da Kogi ana lodawa zuwa Sin ya sa tun 2017 take cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido, don haka ta yi wuya ta yi tsada.

Farin katako irin su obece da malaina suna da nasu wurin. Obece bai kai kilo 400 ba, farce ma yana shiga jikinsa, kuma ƙwari na son sa. Ya isa a yi cikin durowa da shi, amma ba sandar gefen gado ba. Abin da wasu ke yi shi ne su shafa masa jan rini ya fito kamar mahogani. Ku nemi izini ku ɗan kankare wani ɓoyayyen wuri da wuƙa: mahogani ja ne har ciki, rinanne kuwa fari zai bayyana nan take. Ko a katako mai daraja ma a lura da farin gefen nan da ke kusa da ɓawo. Zuciyar itacen ce mai ƙarko. Farin gefen yana da sitaci, shi ne abincin ƙwaron da ke huda ƙananan ramuka yana zubo gari mai laushi kamar fulawa a ƙarƙashin gado. Kafinta mai tsoron Allah yanke shi yake yi ya yar, ko da hakan zai ci masa kwatan falanki.

Amma duk wannan zaɓen iri bai kai bushewa muhimmanci ba, kuma a nan ne aka fi yin asara. Sabon katako daga injin yanka yakan riƙe ruwa da ya kai rabin nauyin busasshensa ko fiye. Kayan ɗaki kuwa suna buƙatar damshin ya sauko zuwa tsakanin kashi 8 da 12 cikin ɗari kafin a haɗa su. Yanayinmu ya ƙara tsananta lamarin: a watan Agusta iska cike take da laima, katako yakan sha har wajen kashi 15, da hunturu kuma iskar ta bushe ƙayau ya sauko ƙasa da kashi 6. Katako ba ya raguwa ta tsawonsa sai abin da ba a rasa ba, ta faɗinsa yake tsukewa. To in aka sauke falanki daga tirela a damina aka haɗa gado da shi cikin mako biyu don biki ya matso, kafin watan Janairu ya fita za a ji yana ƙara da dare. Ƙofar sif ta karkace ta ƙi rufuwa, fuskar gado ta tsage daga sama zuwa ƙasa, mahaɗai su saki, gado ya fara kuka duk lokacin da aka juya. Ba aljanu ba ne, ɗanyen katako ne ke bushewa bayan an ɗaure shi.

Akwai 'yar na'urar auna damshi mai allura biyu, ba ta da tsada, kuma duk kafintan da ya ɗauki sana'arsa da gaske ya kamata a same ta a shagonsa. A caka ta a tsakiyar sabon yanka, ba a saman falanki da rana ta gasa ba. In babu ita, a yanki guntu a ɗora a sikeli, a ajiye shi cikin ɗaki kwana goma a sake aunawa. Muddin nauyinsa na raguwa, bai gama bushewa ba. Ɗanyen katako yana da sanyi a tafin hannu, kuma garinsa yana dunƙulewa in an matse.

Shawarata ga mai shirin aurar da 'ya, ko mai son sauya kayan ɗakinsa, ita ce ya sayi katakon da kansa tare da kafinta tun farkon rani. A jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa siraran sanduna masu kaurin inci ɗaya tsakanin kowane falanki da na samansa, tazarar ƙafa biyu, kowace sanda daidai kan ta ƙarƙashinta. A ɗora nauyi a sama don kada ya banƙare, a shafa fenti a bakin yankan don kada ya tsage. Falanki mai inci ɗaya yana son wata biyu zuwa uku a ranin Arewa, mai inci biyu kuwa ya fi ninkin haka. Kar a shanya shi a rana: bayansa zai bushe cikinsa da ruwa, sai ya dare.

Daga nan sai haɗi. Gado yana da wurare huɗu da duk wahala ke sauka a kansu, wato inda sandunan gefe suka haɗu da ƙafafu. In kusa ce kawai ta riƙe su, ko an cika gam, kwanansu ƙidayayye ne. Haɗin kirki shi ne a fafe rami a jikin ƙafa, a fitar da harshe a bakin sanda ya shige ciki daram, sannan a ɗaure da dogon noti wanda za a iya kwancewa ranar tashi a kuma ƙara matsewa in ya saki. Ƙafa kada ta gaza inci biyu da rabi ta kowane gefe. Sandar gefe ta kai inci ɗaya kauri bayan an goge ta, faɗinta inci shida ko fiye. Wannan magana ta bayan gogewa a faɗe ta ƙarara, don falankin da ake kira inci ɗaya a kasuwa yakan koma kashi uku cikin huɗu na inci in ya fito daga injin gogewa.

Ku ɗaga katifa ku ga abin da ke ƙarƙashinta, nan ne ake yawan yin ha'inci tunda ba a gani. Duk gadon da ya kai ƙafa huɗu da rabi a faɗi, balle shida-shida, dole a sa masa sanda a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da aƙalla ƙafa ɗaya da ta taɓa ƙasa. Sandunan da ke ɗauke da katifa su zama masu faɗin inci uku, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce inci uku, in ba haka ba soson zai riƙa nutsewa a tsakani ya lalace da wuri, a ɗora wa kamfanin katifa laifi. Shimfiɗa allo guda ba ƙofar iska ma ba dabara ba ce, gumi yakan taru ƙasan katifa ta yi funfuna a damina. Kuma a auna katifar da tef kafin a yanka katako, domin wadda ake kira shida-shida tsawonta yakan ɗara ƙafa shida da 'yan inci. A bar rarar rabin inci kowane gefe don cusa zanin gado.

Gwajin gado a shago: ku kama fuskarsa ku girgiza gaba da baya. Nagari gaba ɗayansa zai motsa kamar abu guda, ba ƙara.

Sif kuwa ba sai kowane sashe nasa ya zama tsagwaron katako ba, kuma wanda ya nace a kan haka bai san halin katako ba. Ƙofa mai faɗin ƙafa biyu da aka yi da falanki guda za ta iya ƙaruwa ko raguwa da kwatan inci tsakanin damina da hunturu. Shi ya sa masu sani ke yin firam, su tsaga kwari a cikinsa, su zura allon tsakiya ba tare da gam ba, ya samu wurin numfashi. In an manne shi ko an kafe shi da kusa ta ko'ina, tsagewa zai yi. Bayan sif da gindin durowa filawud mai kyau ya fi dacewa da su, amma mai kaurin milimita 6, ba na 3 da ke lanƙwasa kamar takarda ba. Zurfin sif ya kai ƙafa biyu in za a rataye kaya. Kantocin ciki kada tsawonsu ya wuce ƙafa uku ba tare da tokari ba, don atamfa da leshi da shadda in an jera su nauyi gare su ba kaɗan ba, kuma kanta in ta lotsa ba ta miƙewa. Ƙofar da ta kai ƙafa shida tana buƙatar hinji huɗu. Dogon sif a ɗaure samansa da bango, saboda yaro in ya jawo durowa ya taka, sif ɗin a kansa zai faɗo.

Durowa ta madubi da ta gefen gado a zaro ta har ƙarshe. Kusurwoyinta su zama masu haƙora da suka shiga juna kamar yatsun hannu biyu, ba kusar bindiga ba. Ta shiga ta fita da hannu ɗaya ba cijewa.

Duk abin da na lissafa ana ganinsa ne kawai kafin a yi feshi. Bayan an cike ramuka da foti an bi da fenti mai kauri, ɗanye da busasshe, obece da mahogani, duk sun zama ɗaya a ido. Don haka tun ranar ba da kafin alƙalami a rubuta a takarda: sunan katakon kowane sashe, kaurinsa bayan gogewa, girman kayan, da sharaɗin cewa ba za a shafa komai ba sai mai kaya ya zo ya gani. A raba biya uku, na sayen katako, na bayan an haɗa an duba, da na ranar kawowa. Kafintan da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan sharaɗi, shi ma kariya ce gare shi. A ranar dubawar a tabbatar za a shafa ciki da baya da ƙarƙashi kamar yadda za a shafa fuska, don in gefe ɗaya kawai aka rufe, ɗayan zai riƙa shan laima shi kaɗai har falankin ya lanƙwashe. Maganin gara a sa shi tun kafin fenti, a bari warinsa ya fita sarai. Baƙin mai da wasu ke shafawa a katakon rufi bai dace da ɗakin kwana ba.

In kayan sun iso, a bar tazarar inci biyu tsakaninsu da bango, musamman bangon da ruwan sama ke duka ko na bayan banɗaki. Gindin sif ya ɗaga daga ƙasa inci uku, kuma kar a kafa shi inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugunsa kai tsaye. Bayan hunturun farko a ɗauko sifana a bi notocin gadon nan huɗu a ƙara matse su, domin ko busasshen katako sai ya ɗan tsuke a shekararsa ta farko a ɗaki.