Godiya ga malamanmu da suka tsaya wa ƙannenmu shaida

Assalamu alaikum. An rufe karɓar takardun neman gurbin horon ƙwarewa na wannan zagaye, kuma alhamdu lillahi takardun shaidar ƙannenmu likitoci sun isa inda ake buƙatarsu. Mu yayyensu da muka riga su shiga horon a nan Sakkwato muna miƙa godiya ga malamanmu, manyan likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na Asibitin Ƙwararru. Kun fito daga ɗakin tiyata ko zagayen majinyata da gajiya, kuka zauna kuka tuno aikin yaron da ya bar sashenku tun bara, kuka sa sunanku da hannunku a kansa. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Godiyarmu ta haɗa da malaman da suka ce a'a. Wanda ya ce wa ɗalibi "ban san aikinka sosai ba, nemi wanda ka daɗe a ƙarƙashinsa" ya yi masa gata, domin masu tantancewa suna gane takardar da aka rubuta don kunya: layi huɗu, yaro ne mai ladabi da ƙwazo, shi ke nan. Irin wannan ba ta ɗaga kowa.

Ga masu tasowa, waɗanda ke shekarar horo ta farko ko bautar ƙasa, hanyar rage wa malamai wahala tana farawa ne daga zaɓen wanda za a roƙa. Babban likitan da ya ga yadda kake karɓar majinyaci da dare na tsawon wata uku ya fi farfesan da ka gaisa da shi sau biyu a baranda amfani, komai girman sunansa. Idan kuna gari ɗaya, ka fara samunsa ido da ido bayan an tashi daga kilinik, sannan imel ya biyo baya a ranar. A ba shi mako huɗu zuwa shida. A kuma duba lokaci, domin jarrabawar kwalejojin ƙwarewa, ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas da na Afirka ta Yamma, sau biyu ake yinta a shekara, kuma malamai da dama kan yi tafiya a matsayin masu jarrabawa. Haka goman ƙarshe na azumi da lokacin aikin Hajji.

Shi imel ɗin gajere ake so. A layin take a sa suna, abin da ake nema da ranar rufewa, yadda malami zai gane ko a waya ya gani. Bayan gaisuwa, ka faɗi sashen da ka yi aiki da shi da watannin, ka tuna masa abu ɗaya ko biyu da zai iya kafa hujja da su, kamar jawabin da ka gabatar a taron sashe ko binciken da ka taya tattara bayanansa. Kada a sa sunan majinyaci ko lambar katinsa, wannan amana ce. Sai ka tambaya a fili ko yana ganin ya san aikinka har ya iya rubuta maka shaida mai ƙarfi. Tambayar nan tana ba shi ƙofar janyewa cikin mutunci, kai kuma ta ba ka lokacin neman wani. A haɗa CV, sakamakon jarrabawar matakin farko, lasisin aiki na bana daga MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, da ita sanarwar gurbin, duka a PDF, ba hoton da aka ɗauka a karkace aka tura ta WhatsApp ba. Sanarwar tana da muhimmanci saboda ita ke faɗin wanda za a rubuta wa, galibi shugaban asibitin, da ko malamin ne zai aika da kansa. Takardu masu kyau sun sha zama banza don an sa sunan wani asibiti daban a sama.

Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne saƙo ɗaya da ake jefa wa malamai biyar a lokaci guda kowa yana ganin sunan kowa. Ba wanda zai amsa, kowa zai ɗauka wani ya yi. Sai kiran malama mace da laƙabin namiji don an kwafo saƙon jiya ba a gyara ba. Idan kuma malami ya ce ka kawo daftari, ka rubuta gaskiyar abin da ya gani kawai, kada ka raba daftari ɗaya ga mutum uku, takardun su fito da jimloli iri ɗaya.

Masu neman Amurka tsarinsu daban ne. A ERAS, wato shafin intanet da ake neman gurbin horon ƙwarewa a can, kai ne za ka fitar da fom ɗin neman shaida mai lamba ta musamman ga kowace takarda, ka tura wa malamin, shi ko wakilinsa ya ɗora ta a shafin da aka tanada, a kan takarda mai tambarin asibiti da sa hannu. Takarda huɗu ce iyakar abin da za ka aika wa kowane shirin horo, kuma an fi yarda da wadda ka yafe haƙƙin karantawa. Tun da a Satumba ake fara duba takardu, roƙon ya kamata ya fita tun Yuni ko Yuli. A gargaɗi malami cewa saƙon na iya faɗawa akwatin tarkacen imel.

Idan an yi kwana goma shiru, tuni ɗaya cikin ladabi a kan saƙon farko ya isa, daga nan sai a bi ta ofishin sashe. A nan ne za mu gode wa sakatarorin sassa da masinjoji, waɗanda suka buga, suka nemo hatimi, suka bi malamai har bakin mota don sa hannu, wani lokacin ana jiran a tada janareta. Ƙannenmu, duk yadda sakamako ya fito, ku koma ku sanar da wanda ya rubuta muku, an samu ko ba a samu ba, domin wanda bai dace bana ba wurinsu zai sake komawa a sabunta masa kwanan wata.